A hana shigo da keken koyon tafiya na jarirai, sabo da na gwanjo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga hukumomi da 'yan uwana mata a kan wani abu da ya cika gidajenmu, ana ɗaukarsa kayan gata, alhali yana cikin abubuwan da ke kai jarirai gadon asibiti. Ina nufin keken koyon tafiya, wannan na roba mai zagaye, mai ƙananan tayoyi a ƙasa, da ake zura ƙafafun jariri a ciki ya riƙa tura kansa. Buƙatata ita ce gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sayar da shi. Kafin a kai ga haka kuwa, mu mutanen Sakkwato mu daina sayensa, mu daina kai shi gidan suna.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma mafi yawan aikina a ɗakin yara na yi shi. Yanzu ina zaune a Mabera ina renon jikoki, ina shiga gidajen barka da suna kamar kowace mace. A da, abin da ake kai wa mai jego turmin atamfa ne, da sabulu, da 'yan rigunan jariri, da yaji. Yanzu sai ƙawaye su haɗa kuɗi su sayo keke, a shigo da shi ana guɗa, a ajiye shi saman kaya don kowa ya gani. Ka shiga layin masu kayan jarirai a Babbar Kasuwa, za ka gan su a rataye jere, ja da shuɗi da ruwan hoda, wasu har da maɓallan da ke kiɗa. Wadda ba ta da kuɗin sabo ta nufi gwanjo, ko ta aro na maƙwabciya. Keke ɗaya sai ya ratsa gida huɗu ko biyar, tayarsa ta karkace, ɗinkin mazauninsa ya saki, ana dai ta zura yara a ciki.

Babu uwar da ke sa ɗanta a keken nan don mugunta. An gaya mata ne yana sa yaro ya yi tafiya da wuri. Ga kuma maganar mutane, wadda ta fi komai cin ran yarinya mai haihuwar fari. Na sha jin uwar miji tana cewa, "Ɗiyan wance duk sun tashi, wanga na nan zaune, a nemo mishi keke." Yaron kuwa wata tara ne kawai gare shi. To ga abin da aka tabbatar. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana da ke kusa da mu. Ta samu cewa yaro lafiyayye na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Wanda ya tashi da wata goma da wanda ya kai wata goma sha shida duk lafiyarsu lau. Kowane da lokacin da Allah ya ɗibar masa.

Keken kuma ba ya gaggauta wannan lokaci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa a fili cewa ba ya koya wa yaro tafiya, ta kuma daɗe tana neman a hana ƙera shi da sayar da shi. Wani bincike da masana na Dublin ta ƙasar Ayalan suka yi, aka buga a 2002, ya duba yara 190, ya samu cewa duk awa 24 da yaro ya tara a cikin keke tana tafe da jinkirin kimanin kwana 3 kafin ya iya tafiya shi kaɗai. Duk wadda ta zauna ta kalli jariri a cikin keke da idon basira za ta ga dalili. Ba a tsaye yake ba, a rataye yake, mazaunin ne ke ɗauke da nauyinsa. Da 'yan yatsun ƙafa yake turawa, diddigensa ba ya taɓa ƙasa sosai. Farantin da ke gabansa ya rufe masa ƙafafunsa, ba ya ganin inda yake takawa. In ya karkata, keken ya tare shi, saboda haka bai san ya karkata ba balle ya koyi gyara tsayuwa. Yaron da aka bari a tabarma kuwa yana jan ciki, ya yi rarrafe, ya dafa gado ya miƙe, ya bi bango, ya saki, ya faɗi da mazaunansa, ya sake tashi. A cikin wannan faɗuwa da tashi ne bayansa da cinyoyinsa ke ƙwari. Iyayenmu sun riga sun faɗa, da rarrafe yaro kan tashi.

Amma jinkirin tafiya ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yaron da ya yi jinkiri zai yi tafiya in sha Allahu. Wanda ya ƙone fuska da ƙirji kuwa da tabonsa zai tsufa.

A Amurka, inda asibitoci ke rubuta musabbabin kowane rauni, likitoci a birnin Columbus na jihar Ohio sun tattara alƙaluma suka buga a 2018. Daga 1990 zuwa 2014, an ƙiyasta cewa yara 230,676 'yan ƙasa da wata 15 aka kai sashen gaggawa saboda raunin da suka samu a keken koyon tafiya. Kusan tara cikin kowane goma a kai ko a wuya suka ji ciwon, wasu har da fashewar ƙoƙon kai. Kusan uku cikin huɗu daga matakalar bene suka gangaro. Ganin haka ne aka fito da ƙa'ida a 1997 cewa ko dai keken ya fi ƙofar ɗaki faɗi don kada ya fita, ko a sa masa roba a ƙasa da za ta riƙe shi in taya ɗaya ta zarce bakin matakala. A 2010 gwamnatinsu ta mayar da ƙa'idar tilas. Raunukan sun ragu ƙwarai, daga sama da 20,000 a 1990 zuwa kimanin 2,000 a 2014. Duk da haka, yara dubu biyu a shekara ba wasa ba ne.

A nan ne nake son masu tsara doka a Abuja su tsaya su saurare ni da kyau, domin na san abin da za a fara cewa: a kwaikwayi ƙa'idar Amurka ko ta Turai, a ce sai mai birki za a shigo da shi, shi ke nan an gama. Wasu iyayen ma cewa suke yi, "Ai mu ba mu da bene, wannan matsalar Turawa ce." Duka biyun ba su duba tsakar gidan Bahaushe ba. Turawa sun gyara kekensu ne don ya dace da gidansu, inda babban haɗari shi ne matakala, inda murhu yake sama daidai ƙugun babba, magunguna kuma suna cikin kabad a rufe. Mu kuwa rayuwarmu duka a ƙasa take. Murhu a ƙasa. Kurfoti da risho a ƙasa. Tukunyar talge tana tafasa a kan duwatsu uku, daidai fuskar yaron da ke cikin keke. Filas ɗin ruwan zafi a gindin gado, butar shayin maigida a bakin tabarma, hita a cikin bokiti da wayarta a miƙe a tsakar ɗaki, dutsen guga na gawayi an ajiye shi ya huce a bakin ƙofa. In akwai mai jego a gidan, ga babbar tukunyar ruwan wanka safe da yamma har a yi arba'in. Da azumi ga kaskon ƙosai da na awara, mai yana tafarfasa, kowa hankalinsa na kan kiran salla. Da hunturu a shigo da kaskon wuta har cikin ɗaki. Wane birki ne zai tsayar da keke a gaban tukunya? Birkin nan bakin matakala kaɗai ya sani.

Ga ruwa kuma. Saboda yadda muke fama da ƙarancinsa a garin nan, kowane gida akwai baho da bokiti da robobi cike, an saya wurin 'yan garuwa an tara. Kan jariri yana da nauyi ƙwarai in aka kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti daga cikin keke ya kifa, ba zai iya ɗago kansa ba, ba zai kuma iya kuka a ji ba. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kashe jariri. Gidajen da ke da rijiya marar murfi ba sai na yi dogon bayani ba. Ga kananzir da ake zubawa a robar lemo, ga fiya-fiya, ga shinkafar ɓera a bayan ƙofa. Yaron da ke rarrafe hannunsa ba ya kai saman teburi ko bakin taga. Ka sa shi a keke, ka ƙara masa tsawo da sauri a lokaci ɗaya, tun hankalinsa bai kai ya san wuta ba.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba mu da matakala. Kusan kowane ɗaki akwai dokin ƙofa. Daga baranda zuwa tsakar gida akwai taki ɗaya ko biyu. Akwai dakali, akwai kwata da ta ratsa tsakar gida, akwai siminti da ya fashe ya bar rami. Ɗan tudun da babba zai tsallake bai ma lura ba ya isa ya kifar da keke. Yaron da ke koyon tafiya da ƙafarsa in zai faɗi yakan zauna ne, ko ya tare da hannu. Wanda ke cikin keke ƙafafunsa a sarƙe suke, ba shi da hanyar kare kansa, goshi ne ke fara isa ƙasa, keken kuma ya biyo shi ya danne.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa da ita, 'yar wata tara ko goma, da aka kawo mana wata rana bayan la'asar. Uwar ta rungumo ta a cikin zane, ita kanta ba takalmi a ƙafarta. Da muka buɗe zanen, talge ne ya manne mata daga haɓa zuwa cibiya, da hannun dama duka. Talge ya fi ruwan zafi sharri, domin ruwa yana gangarewa, shi kuwa kamawa yake yi ya ci gaba da dafa fata. A hanya wani ya ba su shawara an fasa ɗanyen ƙwai an shafa, an ƙara da makilin, sai da muka wanke wannan duka kafin mu ga girman ƙunar, yarinyar tana ihu har muryarta ta dushe. Uwar ta riƙe mini hannu tana cewa, "Wallahi Sista ina nan tsaye, ban tai ko'ina ba. Muciya kawai na juya in ɗauka." Na yarda da ita a ranar, na kuma yarda da ita har yau. Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi, bayan makonni ana wankin ciwo. Amma fatar hammatarta ta haɗe, hannun ba ya ɗaguwa sosai sai an yi aiki, uban kuwa ɗan kabu-kabu ne, babur ɗinsa ya sayar kafin a sallame su.

Na kawo maganar uwar nan ne saboda amsar da aka fi ba ni in na yi magana ita ce, "Ai ana kula da shi, ba a barinsa shi kaɗai." Likitocin yara na Amurka sun ce mafi yawan raunukan keken nan suna faruwa ne babba na wurin yana kallo. Dalili kuwa, jariri a cikin keke na iya cin kusan mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya a kan siminti ko tayil mai santsi. Auna tsakar gidanka. Daga bakin ɗaki zuwa murhu taki nawa ne? Kafin uwa ta ajiye abin da ke hannunta ta miƙe, ya isa. Kamar ka ɗora wanda bai san birki ba a kan babur ne ka sake shi cikin Kasuwar Kara. Saboda haka ba na son in ji ana ɗora wa mata laifin sakaci. Matar da ke girki, tana wanki, tana sallamar masu sayen ƙuli-ƙuli, ga wasu yaran suna jan zanenta, ido biyu kawai gare ta. Abin da ba ya zama lafiya sai an kafa masa ido ba ƙiftawa bai dace da gidan da ake rayuwa a ciki ba. Kuma a gidaje da yawa ba uwar ce ma ke tsaron ba, yayarsa ce 'yar shekara shida, wadda ita a wurinta keken abin wasa ne, ta tura shi da gudu su yi ta dariya.

Ƙasar Kanada ta duba wannan duka ta yanke hukunci. A watan Afrilu na 2004 ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta haramta shigo da keken nan, da sayar da shi, da tallarsa. Haramcin ya haɗa da wanda aka yi amfani da shi, ko a ƙofar gidanka ka baje shi ka karya doka, tarar kuma tana iya kai dalar Kanada 100,000. Fiye da shekara ashirin ke nan, yaran Kanada suna tashi suna tafiya ba tare da shi ba. Hanyarsu nake so mu bi, domin abu ne da amfaninsa ga yaro babu, cutarwarsa kuwa a bayyane take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hukumomin da za su yi aikin muna da su. Akwai hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, wadda ke da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su kafin kwastan su sake su. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ta kuma ba ta ikon sa a janye kaya masu haɗari daga kasuwa. Ina kira gare su su zauna da ƙungiyar likitocin yara ta Najeriya su sa keken nan cikin kayan da aka hana. Mun ga gwamnati ta yi irin wannan cikin gaggawa: a watan Mayu na 2018 aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, da aka ga yadda yake lalata matasa. Jariri ba ya iya zanga-zanga, ba ya kiran gidan rediyo ya yi ƙorafi, sai an yi magana a madadinsa. In an tashi yin dokar, a tuna da gwanjo, a kuma tuna da iyakokin ƙasa irin tamu ta Illela, kada a tsare tashar jiragen ruwa ta Legas kaɗai.

In kuma hukuma ta ga ba za ta iya hanawa kai tsaye ba sai a hankali, to mafi ƙarancin abin da za a fara da shi shi ne gargaɗi a jikin keken kansa, wanda ba ya gogewa, da Hausa, da boko da ajami, da hoton tukunya da bokiti. Wanda ake gani yanzu da Turanci yake ko da rubutun Sin, a jikin kwalin da ake yarwa tun ranar suna. Na gwanjo ko kwalin ba shi da shi. Matanmu da yawa da ba su yi boko ba suna karanta ajami sarai, kuma su ne ke riƙe da yaran.

Ba na son a zalunci 'yan kasuwa. Mutane ne masu neman halak, sun sa jarinsu a abin da ake saye, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu haɗarinsa. A zauna da shugabannin kasuwa, a ba da wa'adi, a hana sabon oda, a nuna musu abin da za su kawo a madadinsa: gadon wasa mai shinge da ake ajiye yaro a ciki, da kujerar wasa marar taya, da tabarmar roba mai laushi. Mai sayen kyautar suna ba zai fasa saye ba, abin da zai saya ne zai canja. Kafintocinmu ma za su samu aiki, domin shingen katako da za a kewaye murhu da shi, ko murfin rijiya mai makulli, ba abu ne mai wuya ba. Keken katako mai ƙafa uku da suka saba yi, wanda yaro ke tsayawa a bayansa ya tura, ya sha bamban da na roba, tunda yaron a kan ƙafarsa yake kuma yana iya saki. Shi ma sai yaro ya riga ya iya miƙewa da kansa, a wuri mai faɗi, nesa da wuta.

A nan jiha ba sai mun jira Abuja ba. Tun 2021 Sakkwato ke da dokar kare yara, wadda Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu. Ina roƙon gwamnatin Ahmed Aliyu, ta hannun ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya matakin farko, ta sa maganar keken nan cikin jawabin da ake yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi. Minti biyu ya isa. Uwa na kawo ɗanta rigakafin ƙyanda yana wata tara, daidai lokacin da ake sa shi a keke. Ina kuma roƙon manyan asibitocinmu, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitin ƙwararru, da asibitin mata da yara na Maryam Abacha, su ƙara tambaya ɗaya a takardar duk jaririn da aka kawo da ƙuna ko faɗuwa ko shan guba: yana cikin keke lokacin da abin ya faru? Iyaye ba sa faɗa da kansu, "ya jawo tukunya" kawai za su ce. In aka tara amsoshin shekara ɗaya, za mu samu alƙalumanmu na gida da za mu ajiye a gaban SON. Rima Rediyo da sauran tashoshinmu su ba ma'aikatan lafiya fili. Mun ga abin da sarakunanmu, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da malamai suka yi a yaƙi da shan inna, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Kalma ɗaya daga bakin liman ranar raɗin suna ta fi takarda dubu.

Wani zai ce, Hajiya, ana fama da 'yan bindiga a gabashin jiha, ga tamowa, ga zazzaɓin cizon sauro, ke kina maganar keke? Na san da su duka, na yi jinyar yaran da tamowa ta cinye har ba a iya samun jijiyar ƙarin ruwa. Amma waɗancan suna buƙatar biliyoyi da shekaru. Wannan kuwa sa hannu ne a takarda, da magana a bakin ma'aikaciyar awo. Kuma gadon da mai ƙuna zai kwanta a kai makonni, da ma'aikaciyar da za ta yi masa wankin ciwo kullum, daga hannun waɗancan yaran aka ɗauke su. Wani kuma zai ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. Yaro amana ne a hannunmu.

Sai 'yan uwana mata, domin na san tambayar da ke ranku: in na cire shi daga keke, ina zan ajiye shi in yi aiki? Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya hana keke bai amsa ta ba bai gama aikinsa ba. Lokacin shara da wanki da daka, goyo bai tsufa ba. Lokacin suya ko tuƙin tuwo, kada a goya, kada a ajiye shi kusa. A shimfiɗa tabarma a inuwa can nesa da murhu, ko cikin ɗaki bayan an kwashe filas da wayoyin wuta, a ba shi murfin roba da ludayin duma ya yi ta bugawa, a sa babba ya zauna da shi, ko kaka ko abokiyar zama. A gidan da mata suke da yawa, a yi karɓa-karɓa: mai girki yau, wata ta riƙe mata ɗa. Magidanta kuma, kuɗin da za ku sa a keke ku sa shi a murfin rijiya da shingen madafa, ku kuma ɗauki yaron nan in kun dawo da yamma, lokacin da wuta ta fi yawa a gida. In yaro ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko kika ga ƙafa ɗaya ba ta motsi kamar ɗayar, ko ƙafafun sun lanƙwashe, asibiti za a kai shi a duba abincinsa da ƙashinsa da jijiyoyinsa. Keke ba zai warkar da shi ba, sai dai ya ɓoye matsalar har lokaci ya ƙure.

In kuma tsautsayi ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, ga abin da za a yi. Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin, a yi ta zubawa kimanin minti 20, ko daga famfo ko da buta daga randa, ban da ƙanƙara. Sauran jikin yaron a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. A cire rigar in ba ta manne ba, in ta manne a bar ta. Kada a shafa ƙwai, ko makilin, ko manja, ko baƙin mai, ko gishiri, ko ƙullu, kada kuma a fasa ƙurajen ruwan. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti, uwa ta ci gaba da ba shi nono a hanya. Faɗuwa a kai: in yaro ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa yawa ba ya tashi da sauƙi, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita daga kunne ko hanci, ko maɗigarsa ta kumbura, kada a tsaya murza ƙulun da man zafi, a tafi nan take. Kananzir: kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin in ya shiga huhu ya fi zamansa a ciki haɗari. A ɗauki robar da ya sha a tafi da ita wurin likita.

Wadda ke da keken a gida yanzu, kada ki ba ƙanwarki, kada ki kai shi ƙauye a matsayin alheri. Ki cire tayoyin, ki yanke mazaunin, ki fasa robar kafin ki ba 'yan jari bola, don kada ya sake dawowa kasuwa.

Ya Edita, roƙona na ƙarshe gare ka ne. Ka tura wakilinka ya zaga layin kayan jarirai a Sakkwato da Kano da Kaduna ya duba ko akwai keke ɗaya mai gargaɗi da Hausa, ya zauna da likitocin yara da masu jinyar ƙuna ya ji daga bakinsu, sannan ya kai tambayar ofishin SON da na FCCPC, ku buga mana amsar da suka bayar.

Na gode. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Mabera, Sakkwato.